Yadda Maikano Ya Share Sunan Kaltume

Akwai laifin da ya fi na farko muni, shi ne mutum ya yi abu, ya san ya yi, amma maimakon ya buɗe baki ya ce na yi, sai ya tashi neman yadda za a goge wurin. Wannan halin ne ya ci Maikano na Dogon Dutsi. Ba wanda ya cuce shi, da hannunsa ya yi.

Maikano yana da gidan abinci a bakin kwalta, hanyar da ta fito daga Dosso ta nufi Ƙonni. Rumfa ce ta kwano, benci shida, randa biyu a gindin itacen bedi. A takardar meri, wato ofishin magajin gari, sunansa ne, amma tukunya ta matarsa ce Kaltume. Ita ke yin shinkafa da miyar zabuwa, lokacin sanyi kuma ta soya dankalin turawa na lambunan garin. Shi aikinsa zaman ƙofa, tarbar baƙi, da faɗa. Faɗan nan kowa ya san shi da shi. Direbobi ma har sun saba, in suka ji shiru sai su tambaya ko ba shi da lafiya.

Wata shekara wani matafiyi ya ci abincin ya ji daɗi, ya sa wurin a taswirar da ke cikin waya, wadda baƙi ke dubawa in suna neman inda za su tsaya. Da ya tambayi sunan wurin, direban da ke kusa ya ce masa ai wurin Kaltume ne, sai ya rubuta haka. Daga nan duk wanda ya ci sai ya bar sharhi a shafin, ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, wani ya haɗa da hoto. Ma'aikatan da aka turo garin, da mutanen porje, ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara masu fararen motoci, da 'yan kasuwar da ke zuwa Maraɗi, suka riƙa tsayawa suna nuna waya suna cewa nan ne. Da Maikano ya ga sunan na kawo mutane, bai yi gardama ba, ya sa aka rubuta shi da shuɗin fenti a allon ƙarfe, aka kafa bisa rumfa.

Kaltume ta rasu da daminar shekara biyu da suka wuce, ciwon kwana tara. Ƙanwarta ta karɓi tukunya. Tana ƙoƙari, amma duk wanda ya san hannun farko ya san an canza.

Kaltume mace ce da ba ta son hoto. Ko a bikin 'yan uwa in aka ɗaga waya sai ta juya baya. Bayan rasuwarta aka duba gidan kaf, ba a samu komai ba sai na katin ɗan ƙasa, wanda ta fito a ciki kamar an tsorata ta. Sai babbar 'yarsu Husna, malamar lakkwal, wato makarantar boko, a Sukukutane, ta tuna da shafin nan. Baƙi suna ɗaukar hoton tukunya da kwanon abinci, ita kuma tana bayan tukunyar, ba ta sani ba. Hoto goma sha ɗaya ta fito a ciki. Akwai kuma wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba, inda ake jin muryarta tana tambayar wani baƙo ko a ƙara masa miya, sannan ta yi dariya.

Tun daga lokacin, duk ƙarshen wata in Husna ta zo gida, bayan la'asar sai ta zauna a bencin kusa da randa, ta buɗe shafin, ta karanta wa mahaifinta. Shi bai iya boko ba, balle Faransanci, ita ke juya masa. Wani ya ce ya yi tuƙin awa huɗu da yunwa don ya iso miyar nan. Wata ta ce matar ta ba ɗanta ruwan zafi da zuma bai ko roƙa ba. Maikano yana jin su yana kallon kwalta, in ta kai ƙarshe sai ya ce ta sa masa muryar. Ta sa. Ya ce ta sake. Da yake ita ce 'yar fari ba ya kiran sunanta, Madam yake ce mata kamar yadda 'yan lakkwal ke yi. Sai ya ce, “To Madam, ya isa,” ya tashi ya yi alwala.

Sharhi ɗari da arba'in da uku ne a shafin. Husna ɗari da arba'in da biyu take karanta masa.

Ranar da abin ya fito fili, Husna ba ta gari. Naziru mai shagon gyaran waya a tsallaken hanya, magidanci ne mai 'ya'ya uku, ya zo cin abincin rana. Maikano ya ce ya karanta masa, ya yi marmarin ji. Naziru bai san akwai wanda ake tsallakewa ba. Ya yi ta bi har can ƙasa, inda tsofaffi suke, ya iso wani na shekara shida da suka wuce, na wani mai suna Zakariya. Ya fara karantawa da murya sama, yana tsakiya ya gane abin da ke ciki, ya dakata. Maikano ya ce ya ƙarasa.

Ga abin da aka rubuta: “Tsakanin Dosso da Ƙonni babu miya irin wannan. Amma mai wurin ya yi wa matarsa tsawa gaban mutane saboda cokali ɗaya da ya faɗi ƙasa, har ya kira ta jaka. Na kasa ƙarasa abincina. Tauraro biyu, kuma dukansu na matar ne.”

Akwai direbobi uku a rumfar. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

Maikano ya tuna ranar. Bai tuna fuskar baƙon ba, amma ya tuna cokalin, ya tuna yadda ta durƙusa ta ɗauka ta wanke ba ta ce uffan ba. Da a ce a nan ya tsaya, da labarin ya zama wani daban. Amma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, wane ɗan iska ne ya ba shi izinin shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Ya ce Naziru ya goge shi yanzu.

Naziru ya yi masa bayani cewa mai wuri ba ya iya goge abin da baƙo ya rubuta. Abin da ake yi shi ne a kai ƙara ga masu kula da shafin, su duba, in ya saɓa wa dokarsu su cire. Maikano ya tambaya ina ofishinsu yake, a Dosso ko Yamai, ya sa babbar riga ya je da kansa. Naziru ya ce ba su da ƙofar da ake sallama, wasu ma sun ce inji ne ke fara dubawa kafin mutum. Maikano ya ce wannan wace irin shari'a ce da ba a ganin alƙali. Duk da haka ya ce a kai.

Bayan kwana shida amsa ta zo da Faransanci, layi huɗu. Sun duba, sharhin bai saɓa wa doka ba. Babu zagi daga marubucin, ba talla ba ce, ba alamar cewa bai zo wurin ba. Mutum ne ya faɗi abin da ya gani. In mai wurin yana so, yana iya rubuta amsa a ƙarƙashinsa kowa ya gani.

Maikano ya ce a sake kai wa, a gaya musu shekara shida ke nan, matar ma ta rasu, tukunya ta canza hannu, ina amfanin maganar ga matafiyin yau? Ko a gaban hakimi akwai maganar da in ta tsufa ake cewa a bar ta. Naziru ya rubuta hakan. Amsa ta dawo cewa tsufa ba dalilin cirewa ba ne, kwanan wata yana jikin kowane sharhi, mai karatu shi zai auna. Naziru ya ƙara masa da cewa ai sababbi ne ke hawa sama, wannan yana can ƙasa, sai wanda ya yi ta ja da yatsa zai kai gare shi. Shi kansa shekara nawa yana buɗe shafin bai taɓa gani ba.

“Amma ka gani,” in ji Maikano. “Kuma ka karanta shi gaban direbobi.”

Da Husna ta zo ƙarshen wata, bai bari ta ajiye jaka ba ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar farko. Ya ce me ya sa ta ɓoye. Ta ce ba ta ga abin da zai ƙara masa ba. Ƙanwar Kaltume na kwankwasa ludayi a bayan zana. Can Husna ta ce tunda an ba da damar amsa, ya bari ta rubuta masa, ba sai da yawa ba.

“Mi za ki rubuta?”

“Gaskiya na, na yi. Ta rasu. Wanda ya karanta shi yi mata addu'a.”

“In tsaya gaban duniya in ce ni na?”

“Baba, duniya ta sani. Ni ma ina wurin rannan, ni na miƙo mata ruwan da ta wanke cokalin.”

Ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ranar ba a yi karatu ba, ba a sa murya ba.

Sai ya koma ga hanyar da ya sani. In magana ta fito daga bakin mutum, wurin mutumin ake zuwa ya janye ta. Ya yi ta tambayar direbobi da ma'aikata, har aka ce masa ai Zakariya ma'aikacin gidan gona ne, da yana Kiyeshe, yanzu an mai da shi Tibiri. Maikano ya sayi goro, ya shiga mota da sassafe. Ya same shi a ofis, tsakanin buhunan irin wake, mutum ne siriri mai furfura a gemu, ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi kujerarsa shi ya zauna bisa buhu.

Maikano ya faɗi abin da ya kawo shi. Zakariya ya yi masa ta'aziyya, ya ce bai ji rasuwar ba. Ya ce wallahi ya manta ma ya taɓa rubuta abin, da zafin zuciya ya yi shi a cikin mota, kuma da zai iya da ya cire yanzu a gabansa, don ba ya riƙe da kowa. Amma wayar da ya yi rubutun da ita an sace ta a tasha, lambar ta mutu, ya canza layi sau biyu, kalmar sirrin ma ba ya tuna ta. Ya gwada a gabansa, aka ce a tura saƙo ga tsohuwar lamba. Ba hanya. Mutumin da ya yi maganar ya rabu da ita, ita kuma tana nan tsaye ba mai ita.

Zakariya ya ce zai iya rubuta sabo da sabon sunansa, ya ce ya dawo ya ga dattijo mai kirki, ya ba da taurari biyar. Maikano ya ce shi ba sabo ya zo nema ba. Ya miƙe zai tafi, Zakariya ya rako shi bakin hanya, a nan ya faɗi abin da ya fi kyau ya riƙe.

“Akwai abin da ban rubuta ba, Baba. Da ni tashi ban ƙare ci ba, ta biyo ni har mota da sauran naman cikin leda. Ta ce in yi haƙuri, Malam ba haka shike ba, zahin rana na.”

Maikano ya juya ya tafi. A mota duk hanyar dawowa, maganar nan tana cinsa. Amma maimakon ta karya shi, sai ta ƙara masa jin cewa dole abin nan ya bar duniya, don muddin yana nan, shi ma ranar tana nan.

Washegari ya tsallaka shagon Naziru ya ce ya faɗa masa gaskiya, babu wata hanya ko ɗaya? Naziru ya yi ta juya sukuddireba a hannu. Ya ce akwai, amma ba mai kyau ba ce. Sharhi a jikin wuri yake. In wurin ya bar taswira, duk abin da ke jikinsa ya tafi. Sai a cire allon, a ɗauki hoton rumfa babu suna, mai wurin ya shaida da lambarsa cewa babu wani gidan abinci mai wannan suna a nan, mutum biyar ko shida su kai irin wannan rahoto. Daga baya a buɗe sabon shafi da sabon suna, fari tas.

“Amma Baba Maikano, duka za su tahi. Ban ce ɗaya ba. Duka.”

Maikano ya ce baƙi ba su ƙare ba, za su rubuta wasu. Naziru ya ce ya bari Madam ta zo a yi shawara. Maikano ya ce shi ya haifi Madam ko ita ta haife shi? Da aka ce duka, shi yabo kawai ya kawo a ransa, yabo kuwa yana ganin ana samun wani. Bai tsaya ya tambayi kansa inda hotunan suke zaune ba. A tunaninsa suna cikin wayar Husna, tunda a nan yake ganinsu.

Da hantsi ya sa tsani, ya hau da kansa ya kwance allon. Ƙusa ɗaya ta ƙi fita, sai da ya lanƙwasa ƙarfen. Ƙanwar Kaltume ta fito daga bayan zana da ludayi a hannu, ta kalle shi, ta kalli allon, ta koma. Naziru ya ɗauki hoto, ya tura, aka aiko lamba a wayar Maikano, ya miƙa masa ya shigar. Masu kabu-kabu biyar da ke cin abinci a wurin kullum suka kai rahoto cewa ba su taɓa ganin wurin ba. Mutanen da suka ƙi cire gaskiya ɗaya suka karɓi ƙaryar mutum shida, tunda mai wurin ne da kansa a gaba. Kwana goma sha biyu, Naziru ya buɗe taswira ya nuna masa. Kwalta ce kawai ta wuce, gefenta babu komai.

Maikano ya ji sanyi a ransa, na kwana huɗu.

Rana ta biyar Husna ta iso. Tun daga bakin hanya ta ga sabon allo mai sunan mahaifinta. Ta gaishe shi, ta ci abinci. Bayan la'asar ta zauna kusa da randa kamar yadda aka saba, shi kuma, da yake yana son a shirya, ya ce to Madam, sa mana muryar. Ta buɗe waya. Ta rubuta sunan, babu. Ta sake rubutawa da Faransanci, babu. Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta dube shi.

“Baba, mi anka yi?”

Ya faɗa mata, yana faɗa yana ƙara murya, ya ce ai abin kunya ne aka kawar, hotuna kuwa suna wurinta. Ta ce ba su wurinta. Wayarta ƙarama ce, cike take da takardun lakkwal, kullum tana cewa za ta kwafe in ta sayi wata, kuma ta ɗauka abin da ya shekara takwas a wuri ba zai tashi cikin wata ɗaya ba. Guda ɗaya ta taɓa ajiyewa. Ta nemo ta miƙa masa. Tukunya ce a gaba, hayaƙi ya rufe rabin fuskar, ana ganin hannu da ludayi da gefen kallabi.

Ya ce muryar fa. Ta girgiza kai.

Bai jira takalmi ba, ya tsallaka kwalta. Naziru ya rubuta wa masu shafin sau uku cikin wata biyu. Ya ce kuskure ne, wurin yana nan, a mai da shi. Amsar ɗaya ce kullum: mai wurin ne ya tabbatar babu shi, an rufe batun, yana iya ci gaba da sabon shafinsa. Naziru ya yi cigiya a wurin direbobi ko wani yana da tsohon hoto. Wanda ya ɗauki bidiyon ba wanda ya tuna sunansa, baƙo ne ya wuce.

Maikano ya mai da tsohon allon, lanƙwasasshe, ƙarƙashin sabon. A taswira kuwa sunansa ne. Cikin wata bakwai sharhi huɗu aka rubuta. Ɗaya ya ce abinci ba laifi, amma a da akwai wata mata a daidai nan mai miyar zabuwa, ko wa ya san inda ta koma? Husna ce ta karanta masa wannan, ba ta tsallake ba. Ta tambaye shi ko a amsa. Ya ce ta bari tukuna. Har yau bai ce ba.

Ta rage zuwa. Ba fushi take ba, tana aiko gaisuwa, amma abin da ke zaunar da su a benci ɗaya bayan la'asar ya tafi, in ta zo sai ta wuce cikin gida wurin innarta, ƙanwar Kaltume.

Ga abin da Maikano ya rasa. Yabo ɗari da arba'in da biyu, daga bakin mutanen da ba su san shi ba kuma ba su nemi komai a wurinsa ba. Hoton matarsa goma. Muryarta da dariyarta. Sunanta a kan hanyar Dosso zuwa Ƙonni. Motocin baƙi da ke rage gudu suna nuna waya. Zaman la'asar da 'yarsa. Da wurin da aka ba shi kyauta ya rubuta layi uku ya amsa laifinsa, shi ma ya tafi tare da shafin. Abu ɗaya ya rage masa cif. A cikin ɗari da arba'in da biyun ba ya iya kawo ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, amma na Zakariya, da ya ji sau ɗaya tak, yana nan a kansa kalma bayan kalma, har da tauraro biyun.